Shari'ar Mormon ta taɓa min hanyar abinci

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Wlh yau raina a ɓace yake shi ya sa na ce bari in zo nan in amayar da abin da ke cikina ko na samu sauƙi. Kun san ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a nan Salt Lake, jihar Yuta, ni ke kan gasa nama da suyar dankali. Maigidanmu ya buɗe sabon reshe tun farkon sanyi ya mayar da ni can, ya zuba kuɗi ya gyara wuri kujeru sababbi fil, ya nemi lasisin sayar da barasa aka ce ya bi layi, don a jihar nan lasisi ƙidayayye ne, da yawan mutanen jiha ake auna shi, in ya ƙare ya ƙare sai dai ka jira wani ya rufe nasa ko jama'a su ƙaru. Wata huɗu ke nan ana abu ɗaya. Ta 'yar tagar da muke miƙa abinci nake hango baƙi sun sauko daga kan dutse wajen wasan zamiya a ƙanƙara, su shida su takwas, fuska ta yi jawur don sanyi, su zauna su ɗauki takardar abinci su juya bayanta, su tambayi yarinyar da ke hidima ta girgiza kai, sai ka ga sun miƙe sun mai da rigunan sanyinsu sun fice. Naman da na tsuma tun safe haka zan mayar da shi firij. Yau manaja ya kira ni ya ce daga awa 40 a sati an dawo da ni 24. Ga kuɗin haya, ga gida Kano ana zuba ido, ga ƙanwata za a aurar bayan salla. Ni ban taɓa kai giya bakina ba kuma ba zan kai ba, amma wannan shari'ar Mormon ɗin, wato 'yan cocin da ya fi ƙarfi a jihar nan, ita ta taɓa min hanyar abinci, kuma duk wanda ya ce maku a Amurka addini ba ruwansa da gwamnati ku ce ya zo Yuta ya gani.

Maman Biyu: Wayyo, sannu ƙanina. Allah ya musanya da mafi alheri.

Malam Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita ɗana. Amma ka janye kalmar nan. Shari'a ba sunan duk dokar da ta matse mutum ba ne. Shari'a ita ce abin da Allah ya saukar, tana da littafi tana da malamai tana da usulu. Abin da waɗansu mutane suka zauna a majalisa suka ɗaga hannu suka zartar, wannan doka ce. Kada baki ya saba, yara na karantawa.

Ɗan Fagge: Malam ku yi haƙuri ba da wata manufa na faɗa ba, nufina dai dokar daga addininsu ta fito

Lauya: Allah gafarta Malam, da girmamawa, ni ban ga laifinsa ba. A bakin Bahaushe shari'a ta fi haka faɗi. Ministan shari'a muke cewa, ma'aikatar shari'a muke cewa, alƙalin babbar kotun tarayya mai shari'a wane muke kiransa alhali da kundin da Turawa suka bar mana yake hukunci. Mutum biyu in suka je gaban majistare kan kuɗin haya cewa ake suna shari'a. To me ya sa yau kawai kalmar ta zama ba ta taɓuwa?

Malam Tudun Wada: Lauya kai ma ka san bambancin. Ana shari'a a kotu, wannan zaman hukunci ne. Amma in ka jingina ta ga wani addini ka ce shari'ar su wane, ka daidaita ta da ta Musulunci ke nan. Wannan ne ban yarda da shi ba.

Lauya: Shari'ar Annabi Musa fa? Ai a wa'azi kullum muna ji.

Malam Tudun Wada: Wannan Annabi ne da aka saukar wa Attaura. Kana so ka haɗa shi da mutumin da ya taso a Amurka a 1830 ya ce an aiko shi? Ka ji tsoron Allah Lauya.

Lauya: Ni ban haɗa kowa da kowa ba Malam, maganar Hausa nake ba maganar aƙida ba

Injiniya: Slm. Ni a Lehi nake, tsakanina da Ɗan Fagge bai kai tafiyar awa ɗaya ba, shekarata tara a jihar nan, bari in sa baki. Abin da Malam ya faɗa akwai ƙamshin gaskiya amma ba ta inda ya biyo ba. Ba a haramta giya a Yuta ba sam. Gwamnatin jiha ce ma da kanta take sayarwa, tun 1935 ita kaɗai ke da kantunan barasa mai ƙarfi da ruwan inabi, ma'aikatan kantin albashin gwamnati suke ci. Manyan kantunan kayan masarufi giyar gwangwani kawai aka yarje masu, ita ma kada ƙarfinta ya wuce kashi 5 cikin ɗari, kafin Nuwamban 2019 ma kashi 4 ne. Ranar Lahadi kantunan gwamnati a rufe suke. A gidan abinci ba za a ba mutum abin sha ba sai in abinci zai ci, kuma dole kashi 70 na cinikin gidan ya fito daga abinci. A mashaya akwai ɗan ma'auni da ake ɗaurawa a bakin kwalba, zubi ɗaya ba ya wuce kamar cokali uku na cin abinci. Rage farashi da yamma don jawo mashaya irin na sauran jihohi an hana. To ka ga wannan ba hani ba ne, takurawa ce da awo. Wace shari'a ce za ta buɗe kanti ta sa mai karɓar kuɗi?

Malam Tudun Wada: Alhamdu lillahi. Ga wanda yake wurin ya faɗa.

Ɗan Fagge: Yaya Injiniya duk abin da ka lissafa haka ne amma ka faɗa masu su wa ke rubuta dokar mana. Kusan tara cikin goma na 'yan majalisar jihar nan 'yan cocin ne, mutanen da ba su taɓa ɗanɗana abin ba su ke auna wa wasu cokali. Kuma kowa a garin nan ya sani in hedikwatar cocin ba ta yi na'am da gyaran dokar giya ba to gyaran ba ya zuwa ko'ina. Kai da kanka ka san labulen nan.

Maman Biyu: Wane labule kuma?

Injiniya: Wani shamaki ne Hajiya, labulen Sihiyona suke ce masa. Daga 2009 duk sabon gidan abinci sai ya kafa gilashi mai duhu ko bango tsakanin masu cin abinci da inda ake haɗa abin sha, wai kada yara su ga ana zubawa abin ya burge su. Ana kawo kofin gaban uban yaron a teburi fa, zubawar ce kawai ba a so a gani. A 2017 aka sassauta, aka ce ko ka bar shamakin ko ka ware ƙafa 10 daga kantar da ake haɗa abin sha inda yara ba za su zauna ba. Kafin 2009 ma in mutum zai shiga mashaya sai ya cike takarda ya biya kuɗin zama ɗan kulob, gwamna Jon Huntsman ne ya soke wannan, shi ma kuma ɗan cocin ne.

Maman Biyu: Ni wlh labulen ya yi min. Ina laifin wanda ya kare idon yara? Ko a gida ai ba komai ake yi a gabansu ba. Mutanen nan suna da kunya.

Anti Ladi: Ina karantawa tun ɗazu ban so in yi magana ba amma naga ana ta cewa coci coci. Dan Allah ku riƙa bambancewa. Mu Kirista ba mu san su a cikinmu ba. Suna da wani littafi daban bayan Littafi Mai Tsarki, suna da annabinsu mai rai har yau, ba su yarda da Triniti yadda muka yarda ba. Katolika tun 2001 suka ce baftismarsu ba ta karɓu ba. Kada gobe wani ya ce Kiristoci sun kafa shari'a a Amurka, don na san inda maganar nan za ta je.

Injiniya: Anti su dai suna kiran kansu Kirista, sunan Yesu na cikin sunan cocin nasu. Maƙwabcina ɗan cocin ne, in ka ce masa ba Kirista ba ne ransa ɓaci yake. Kuma tun 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya roƙi a daina ce masu Mormon, a kira su da cikakken suna, Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe.

Anti Ladi: Kowa ma zai iya sa wa kansa suna Injiniya. 'Yan Ahmadiyya ma ai Musulmi suke kiran kansu, ku kun yarda?

Malam Tudun Wada: A nan kam Ladi kin faɗi gaskiya.

Lauya: To an zo wurin. Ashe kowa yana da kalmar da yake gadi. Malam na gadin shari'a, Anti na gadin coci, su kuma can suna gadin sunansu. Amma Bahaushe in ya ga ginin da ake ibada ranar Lahadi coci zai ce, in ya ga doka ta fito daga addini shari'a zai ce, ba za ku iya hana harshe tafiya ba.

Baban Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Mutanen nan mun san su a Gana tun tuni, yara samari biyu biyu farar riga da laktaya da ɗan allo baƙi a ƙirji suna bin gida gida. Lokacin Rawlings a watan Yuni 1989 gwamnati ta dakatar da su, aka rufe wuraren ibadarsu aka sallami Turawansu sai ƙarshen 1990 aka bari suka dawo, ina saurayi lokacin na gani da idona an sa kwaɗo a ƙofa. Yanzu ga babban haikalinsu a Ankara babban birnin Gana tun 2004, na Aba a Najeriya kuma 2005. Amma ni abin da ban manta ba shi ne har zuwa 1978 baƙar fata ba ya samun matsayin limanci a cikinsu. Don haka Hajiya kafin ki yabe su da kunya ki tambayi tarihi.

Maman Biyu: Baba ni labule na yaba ban yabi aƙidarsu ba. Abu mai kyau ko a hannun wa ka gan shi mai kyau ne.

Ɗan Damagaram: Ni tambaya gare ni. An ce min har shayi ba sa sha, da gaske ne?

Injiniya: Da gaske ne. Wahayin da suke cewa an yi wa Joseph Smith wanda ya kafa cocin a 1833 a Ohio, Kalmar Hikima suke kiransa, ya hana giya da taba da abin sha mai zafi, shugabanninsu suka fassara mai zafin da ganyen shayi da kofi. Da farko kamar nasiha ce, har a zamanin Brigham Young wanda ya kawo su kwarin nan a 1847 suna da gonakin inabi a kudancin jihar suna matsa ruwan. Sai a 1921 aka mai da shi sharaɗi, in kana sha ba za ka samu takardar shiga haikali ba.

Ɗan Damagaram: Subhanallah. Giya na gane, taba na gane, amma shayi me ya yi? Mu nan in ba a ɗora buta a kan gawayi an yi zubi uku ba ai hira ba ta fara ba. Addinin da ya hana abin da Allah ya halatta ya za a yi a kira dokarsa shari'a? Ina bayan Malam.

Injiniya: Shayi ba doka ba ce fa, ana sayar da shi ko'ina a jihar, tsakanin mutum da cocinsa ne. Amma ka ga inda abin ya shafi kasuwa, tunda ba kofi ba giya sai suka koma lemon kwalba. Akwai shagunan da ba abin da suke sayarwa sai lemo da aka zuba wa madara da kwakwa da kayan zaƙi, irin su Swig da aka fara a St. George a 2010, da safe za ka ga layin motoci ya zagaye gini, mata da yara a baya kowa da ƙaton kofi. Sana'a ce guda da addini ya haifar, mutane da yawa na ci a ciki.

Ɗan Fagge: To ni dai ba a shagon lemo nake aiki ba. Har yanzu ba wanda ya ce komai kan awa 16 da aka yanke min

Maman Biyu: Ƙanina kada ka ji haushi amma tunda ka tambaya zan faɗa. Kai da kake Musulmi ɗan Musulmi kana baƙin ciki don ba a ba maigidanka izinin sayar da giya ba? Ni da na ɗauka godiya za ka yi Allah ya tsare maka albashi.

Malam Tudun Wada: Abin da nake shirin zuwa gare shi ke nan. Hadisi ya zo da mutum goma da aka la'anta a kan giya, a ciki har da mai ɗaukarta da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Ɗana ka bincika matsayin aikinka.

Ɗan Fagge: Malam ni nama nake gasawa. Ban taɓa ɗaukar kwalba ba, ranar da na fara aiki na gaya wa manaja ba na taɓawa kuma ya mutunta ni har wurin salla ya ba ni a ɗakin ajiya kusa da buhunan shinkafa. Hajiya kina Kano kina da shagonki Allah ya ƙara buɗi, amma ki zo nan ki nuna min gidan abinci ko otal ko jirgin sama ko babban kanti da ba ya haɗa kuɗinsa da wannan abin. Direban Uber ma da daddare su wa yake kwasa? Ni ban zo neman fatawa ba wlh, na zo ne in faɗi abin da ke damuna a cikin 'yan'uwana sai ga shi ana tuhumar abincin da nake aika wa mahaifiyata.

Maman Biyu: Ba tuhuma ba ce, nasiha ce. Ka yafe ni in ta yi zafi.

Anti Ladi: Ku bar yaron nan haka. Kuma tunda an zo maganar cin kuɗin giya bari in faɗa, a Kano Hisba na tara kwalabe a bi ta kansu da babbar mota a gaban kyamara, amma ƙarshen wata in an raba harajin kayayyaki daga Abuja jihar na karɓar kasonta, kuma a cikin tukunyar akwai kuɗin kamfanonin giya na Legas. Abin da Wike gwamnan Ribas na lokacin ya tayar da jijiyar wuya a kai ke nan a 2021. To wa ya tsira? Yuta aƙalla ba su ɓoye ba.

Lauya: Anti wannan tsohuwar magana ce kuma an sha ba da amsa. Harajin nan ba na giya kaɗai ba ne, katin waya da siminti da sukarin da Kano ke saye duk suna ciki, kuma hatsi da shanu da tumatir da Arewa ke turawa Kudu ba a ɗora masu wannan harajin. In za a raba tukunya a raba ta duka.

Anti Ladi: Ban ce na giya kaɗai ba ne, na ce yana ciki. Ɗigon kananzir ɗaya ai ya isa ya ɓata tulu.

Lauya: To ku ma Filato ku dawo da kason da ya fito daga guminmu

Anti Ladi: Wa ya ce maka ni 'yar Filato ce kawai? A Sabon Gari aka haife ni, na fi ka sanin Kano.

Ɗan Damagaram: Jama'a mu da ba 'yan Najeriya ba ku tausaya mana, kullum sai an dawo nan.

Injiniya: Maganar Anti ta tuna min, a Yuta ribar da gwamnati ke ɗorawa kan kwalbar barasa ta kai wajen kashi 88 cikin ɗari, kuma kashi 10 na cinikin kantunan ana zuba shi ne a abincin rana na 'yan makaranta. Wato yaron da aka kafa wa labule don kada ya ga ana zubawa, da kuɗin kwalbar ake tallafa wa farantinsa. Ni wannan ne ya fi tsaya min a rai a duk tsarin. Amma Ɗan Fagge ka yi min adalci, cewa dokar ta kashe kasuwa ba haka ba ne. Jihar nan tana cikin masu ƙarfin tattalin arziki a Amurka, kamfanonin kwamfuta sun cika wajenmu, Adobe na nan Lehi, manyan gandayen shaƙatawa na ƙasa guda 5 ne a kudu baƙi ba sa yankewa, an yi gasar Olamfik ta hunturu a 2002 kuma an sake ba su ta 2034. Da aka rage ma'aunin barasa a jinin direba zuwa 0.05 a ƙarshen Disamban 2018, jiha ta farko da ta yi haka, masu harkar giya har talla suka saya a jaridu suna tsorata baƙi cewa wanda ya zo hutu zai koma da shari'a a wuya. Baƙi ba su daina zuwa ba, kuma binciken hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya da ya fito a 2022 ya nuna in an auna da yawan tafiyar da motoci suka yi haɗarin mota mai kisa ya ragu da kusan kashi 20 tsakanin 2016 da 2019. Rai fa ake magana.

Malam Tudun Wada: Allahu akbar. Abin da Musulunci ya faɗa shekara 1400 da suka wuce.

Ɗan Fagge: Yaya kai a ofis kake mai ɗumi albashinka ba ya motsi ko an sha ko ba a sha ba. Ni ban ce jiha ta talauce ba. Na ce akwai wanda ke biyan kuɗin tsoron Allahn wasu, kuma ba ɗan majalisa ba ne, mai wanke kwano ne da yarinyar da ke rayuwa da tukuicin teburi. Babban otal yana da lauyoyi yana da kuɗin jira, ƙaramin mai gidan abinci haya ce ke cin shi yana jiran zaman hukuma na wata wata. Kuma shan bai ragu don an takura ba, ka bi hanyar Evanston ta Wyoming ranar Asabar tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ka ƙirga motoci masu lambar Yuta a gaban kantunan giya, ko Wendover bakin iyakar Nevada inda suke zuwa caca tunda nan ko tikitin caca an hana. Kuɗin jihar ne ke tsallaka iyaka. Ga bikin finafinan Sundance ma ya tattara zai bar Park City ya koma Colorado daga 2027.

Injiniya: Kawo hujjar cewa giya ce ta kori Sundance. Garin ne ya yi masu kaɗan ga tsadar masauki, Colorado kuma ta yi masu tayin rangwamen haraji. Kuma maganar ofis mai ɗumi ba ta dace ba, ni ma da wankin mota na fara a ƙasar nan kana yaro.

Ɗan Fagge: Ka yi haƙuri Yaya, zafi ne. Amma sauran maganar tana nan.

Lauya: Ku lura fa Injiniya da bakinsa ya ce wanda ya zo hutu zai koma da shari'a a wuya. Malam ba ku ce ya janye ba.

Malam Tudun Wada: Na riga na bambance maka wannan tun farko Lauya, kana neman rigima ne kawai.

Baban Zongo: Wani abin da ba ku sani ba, a 1933 da Amurka za ta soke dokar hana giya ta ƙasa baki ɗaya, Yuta ce jiha ta 36 da ta sa hannu, ita ta cike adadin da ake buƙata, alhali shugaban cocin na lokacin Heber Grant ya roƙi mabiyansa kada su yi. To in shari'a ce ya aka yi mabiya suka kada malaminsu a akwatin zaɓe?

Lauya: Baba ai wannan ni ya taimaka, a Zamfara ma a 1999 ta majalisa aka bi, Yarima bai tsallake majalisa ba. Bin majalisa ba ya cire wa doka asalinta.

Malam Tudun Wada: Majalisa a Zamfara ta zartar da abin da ya riga ya sauka ne, ba ita ta ƙaga ba. Kada ka sake haɗa su.

Alhaji Shugaba: To jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari tun magariba, wasu sun kira ni suna ƙorafi. Bari in taƙaita abin da aka cimma a rufe. An yi ittifaƙi cewa kalmar shari'a ba ta dace da dokar Yuta ba kamar yadda Malam ya yi bayani da hujjoji, Allah ya saka masa. Injiniya wanda ganau ne ya tabbatar mana cewa takura giya bai cutar da arzikin jihar ba sai ma ƙaruwa da ya yi, mutuwa a hanya ta ragu, wanda ke nuna ko a tsakiyar Amurka in masu addini suka riƙe majalisa jama'a na amfana, darasi ne ga masu sukar Hisba a nan gida. Ɗan'uwanmu Ɗan Fagge an ba shi shawara ya nemi aiki mai tsafta kuma muna masa addu'a. Maganar haraji da ta coci ba su cikin batu, kada a sake tayar da su. An rufe.

Lauya: Alhaji da wa aka yi ittifaƙin? Ni ban janye ba.

Anti Ladi: Maganata ce ba ta cikin batu amma Hisba ta shiga taƙaitawa ko? Allah ya isa ban ce ba, amma na gani.

Injiniya: Alhaji ni ban ce takurawar ce ta kawo arzikin ba, kuma kun tsallake inda na ce gwamnatin ce da kanta ke sayarwa tana cin riba.

Alhaji Shugaba: Na ce an rufe.

Ɗan Fagge: Aikina mai tsafta ne Alhaji, hannuna shaida ne duk ƙunar mai ce. Yaya Injiniya in ka san wani sito ko kamfani a wajenku da ke ɗaukar ma'aikatan dare, Litinin da Talata da Laraba duk ba ni da aiki yanzu, ina da mota kuma takarduna a cike suke. Ka yi min magana ta gefe dan Allah kafin 1 ga wata.